Cokalin Juyi da Iyayengijinsa: Hikima da Israfi a Ƙirar Kayan Girki

A cikin dukan kayan aikin da ɗan Adam ya ƙera domin biyan buƙatar cikinsa, tun daga tukunyar yumɓu har zuwa murhun lantarki, da wuya a sami wanda aka raina kamar faffaɗan cokalin nan mai dogon mariƙi da ake zurawa ƙarƙashin wainar ƙwai ko kifi a juya, domin ba a ambatonsa wajen rabon gado, ba a jera shi cikin kayan ɗaki don baƙi su gani, in kuwa ya ɓace ba mai ɗaga murya a kansa. Amma duk da wannan ƙasƙanci nasa, a ƙasashen Turai da Amurka akwai injiniyoyi masu zurfin karatu, da kamfanoni masu tarin dukiya, da lauyoyi masu tsaron haƙƙin ƙirƙira, waɗanda suka share shekaru suna muhawara a kan kaurin bakinsa da lanƙwasar wuyansa. Wanda ya shiga babban kantin kayan girki a Landan ko Niyu Yok zai tarar an rataye su jeri-jeri, na ƙarfe da na itace da na roba, mai tsaga da mai huji, mai siffar jita, mai siffar tafin hannu, mai siffar kifi, da wanda aka rubuta a jikin kwalinsa cewa shi kaɗai yana aikin abu biyar. Har a shekarar 1989 wani ɗan barkwanci na Amurka, Weird Al Yankovic, ya sanya cikin fim ɗinsa mai suna UHF tallar wani katafaren kanti na ƙage wanda ba a sayar da kome a cikinsa sai wannan cokali, kuma abin da ya sa barkwancin ya yi armashi shi ne ƙagen bai yi nisa da gaskiya ba.

Mas'alar da ya kamata a fara warwarewa ita ce, wa yake hukunta siffar wannan cokali? Tun asali iyayengijinsa uku ne, watau abincin da za a juya, da mazubin da za a juya shi a ciki, da hannun da zai riƙe shi. Mutanen Sin, da yake kaskonsu mai zurfi ne kamar rabin ƙwarya, sai suka zagaye bakin nasu cokalin domin ya bi lanƙwasar kaskon, suka kuma ɗan ɗaga gefunansa domin ya kwashi abinci. Mutanen Japan, da yake shinkafarsu mai danƙo ce, sun yi wa nasu na zamani ƙananan ƙuraje a fuska don kada ta manne. Mutanen Sikotilan kuwa da siririn sanda suke dama kununsu na hatsin ot don kada ya yi gudaji, har tun 1994 suke gasar damun kunu kowace shekara a ƙauyen Carrbridge, inda kyautar gwani ita ce irin wannan sanda mai ruwan zinariya. Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida, domin duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon gidan biki ta san dalilin da ya sa muciya take da tsawo da nauyi, ta san ba a kwashe tuwo da ita sai da mara, ba a tsamo ƙosai da ludayi sai da matsami, ba a kaɗa miyar kuka da cokali alhali ga maburgi. Babu sunan maƙirƙiri a kan ko ɗaya daga cikinsu, amma kowanne ya zauna a kan siffarsa ne bayan hannuwa da yawa sun gwada sun yar da abin da bai dace ba.

A ƙasar Turawa, abin da ya jujjuya al'amarin wannan cokali a ƙarnin da ya wuce daga wajen mazubi ya zo, kuma bisa tsautsayi. Ranar 6 ga Afrilu, 1938, wani matashin masanin haɗa sinadarai na kamfanin DuPont a jihar Niyu Jazi, Roy Plunkett, yana binciken iskar sanyaya firiji, sai ya buɗe wani tulun iska bai ji kome ya fito ba, alhali ma'auni ya nuna tulun yana nan da nauyinsa. Da aka yanka shi sai aka iske iskar ta daskare ta zama wani farin gari mai santsi, wanda zafi ba ya narka shi da wuri, sinadarai ba sa cinsa, kuma kusan ba abin da yake manne masa. Wannan shi ne abin da aka yi wa laƙabi da Teflon. An fara cin moriyarsa a asirce wajen aikin bam ɗin nukiliya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai shiga madafa ba sai da wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, wanda yake shafa shi a kayan kamun kifinsa, ya bi shawarar matarsa Colette ya gwada shi a kan kasko, ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira a 1954, suka kafa kamfanin Tefal a 1956.

To, sai ga wata sabuwar larura ta taso daga cikin ni'imar, domin kaskon da ƙwai ba ya kama shi ba ya jimre ƙarfe, da zarar an karce shi da cokalin da aka gada shafin ya kwaile, amfaninsa ya tafi. Tilas aka nemi cokali mai laushin baki. Aka koma wa itace, aka kuma shiga zuba na nailan, wanda shi ma daga ɗakin binciken DuPont ya fito a 1935. Sai dai nailan yana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, wanda kuwa ya manta da shi a bakin kasko zai dawo ya tarar bakinsa ya nannaɗe. Daga baya aka samu mafita a robar silikon, wadda tushenta sinadarin da ke cikin rairayi ne, shi silikon ɗin kuwa kamfanin Dow Corning, da aka kafa a 1943, ya fara sarrafa shi ne domin injunan jiragen yaƙi. Ita tana jimre zafin da ya haura digiri 230, tana lanƙwasa ta suɗe kwano tas, tana kuma karɓar kowane launi da kowace siffa da aka zuba ta a ciki. A wannan siffa ta ƙarshe ne ƙofar wasa ta buɗe, domin abin da za a iya zubawa a kowane irin zubi, ba abin da zai hana a zuba shi da siffar kan mage.

Nan ne ubangida na huɗu ya bayyana, wanda ba ya girki, ba ya wanke-wanke, amma shi ne mai babbar murya, watau mai sayarwa. Sha'awar haɗa aiki da yawa a abu ɗaya tsohuwa ce. Tun a 1874 wani likita na jihar Rod Ailan, Samuel W. Francis, ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wani abin cin abinci da ya haɗa cokali da cokali mai yatsu da wuƙa a mariƙi guda. Amma wanda ya mai da abin sana'a sosai shi ne gidan Popeil na birnin Shikago. Uban, Samuel Popeil, shi ya ƙirƙiro na'urorin yanka kayan lambu irin su Chop-O-Matic da Veg-O-Matic, ɗan kuwa, Ron Popeil, wanda ya koyi talla a tsaye a kasuwar titin Maxwell yana yanka albasa da kabeji a gaban masu wucewa tun safe har yamma, shi ya ɗauki wannan baki nasa ya kai talabijin, ya kafa kamfanin Ronco a 1964. Cikin abubuwan da ya sayar wa Amurkawa har da wata na'ura mai allura da take kaɗa ƙwai tun yana cikin ɓawonsa. Ba a ce kayansa duka na banza ne ba, waɗansu suna aiki ƙwarai. Abin lura dai shi ne an ƙera su ne domin su ƙayatar a idon mai kallo cikin ɗan taƙaitaccen lokaci, shi ya sa na'urarsa ta gasa kaza take da ƙofar gilashi, a ga kazar tana juyawa tana naso. Wanda yake kallo ba ya ganin wahalar kwance na'urar a wanke, ba ya ganin wurin da za ta cinye a ɗaki, domin ba a nuna wannan a talla.

Jikokin wannan mazhaba su ne cokulan juyin nan na masu gashin nama a bayan gida, waɗanda aka yi wa gefe guda haƙoran zarto don yanka, ɗaya gefen ƙayoyi don dukan nama ya yi laushi, aka huda wuya don buɗe kwalba, wani ma har da 'yar fitila a mariƙi. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kan irin wannan tun da ya ce taura biyu ba ta taunuwa, domin bakin da aka yi wa haƙora ba ya shiga ƙarƙashin kifi sumul, mabuɗin kwalba kuwa da ke jikin cokalin da ya sha mai da zafi ba mai son kai hannu gare shi. Adalci dai ya wajabta a ce akwai ƙarin da ke da hujja. Kamfanin Joseph Joseph na Ingila, wanda waɗansu tagwaye suka kafa a 2003, ya yi wa cokulansa ɗan tudu a ƙarƙashin wuya da nauyi a mariƙi, ta yadda in an ajiye kan ba ya taɓa tebur, ba ya ɓata wuri, ba ya kuma ɗaukar ƙazanta. Wannan ƙari ne ƙarami, amma daga lura da mai girki ya fito. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu tsananin ra'ayi irin su Alton Brown, wanda ya fara shirin girki a talabijin ɗin Amurka a 1999, ya kuma yi shekaru yana yaƙar duk wani abu mai aiki guda, yana cewa mai aiki guda da ya halatta a madafa shi ne tulun kashe gobara kaɗai. Wannan ma ya wuce gona da iri, domin muciya aikinta guda ne, ba kuwa wanda ya isa ya kore ta.

Malaman usulu, kamar Imam Shaɗibi na Garnaɗa a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: akwai ta larura wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, akwai ta buƙata wadda rashinta yake jawo ƙunci da mashaƙƙa, akwai kuma ta ƙawa. Ba don cokula suka shimfiɗa wannan ma'auni ba, Allah Ya ji ƙansu, amma in aka are shi za a ga galibin dabarar mai talla ita ce ya ɗauko abin da ke gida na uku ya sa masa rigar gida na biyu. Ƙawa a kan kanta ba laifi ba ce. Yaudarar ita ce abin ƙi.

Shekarar 1990 ta fito da misalai biyu da suka bayyana wannan bambanci fiye da kowane bayani. A ƙasar Italiya kamfanin Alessi ya fitar da wani mamatsin lemon tsami mai suna Juicy Salif, ƙirar Bafaranshen nan Philippe Starck, wanda ya zana shi a kan takardar teburin wani gidan abinci a bakin teku yana cikin cin wata dabbar ruwa mai dogayen hannuwa. Tsawonsa santimita 29, an zuba shi da alminiyom, yana tsaye a kan dogayen ƙafafu uku, ba shi da rariyar tare 'ya'yan lemo, ba shi da mazubi, masu amfani da shi kuma sun daɗe suna kukan ruwan yana fantsama. An ruwaito shi Starck ɗin ya ce manufar abin ita ce ya buɗe hira tsakanin mutane, matsar lemo tana baya. Da abin ya cika shekara goma, kamfanin ya fitar da guda 10,000 masu ruwan zinariya, tare da gargaɗin kada a matsa lemo da su domin tsami zai ɓata ruwan zinariyar. Almajirin da ya karanta babin mazubai a littattafan fiƙihu, ya ga yadda aka hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, zai yi mamakin ganin an kai ga kayan zinariya da maƙerinsa da kansa ya hana a yi aiki da shi. Duk da haka ni ban ga ha'inci a nan ba, domin mutumin ya faɗi gaskiyar abin da ya ƙera, wanda ya saya kuwa ya san kayan ado ya saya.

Misali na biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sam Farber ɗan kasuwar kayan girki ne na Niyu Yok, wanda ya kafa kamfanin tukwane na Copco a 1960, ya yi ritaya, ya tafi hutu kudancin Faransa da matarsa Betsey. A can ne ya ga tana fama da feraye tuffa da 'yar wuƙar feraye irin ta da, mai siririn mariƙin ƙarfe, alhali tana da amosanin gaɓoɓi a hannu, sai ya tambayi kansa dalilin da ya sa kayan aikin da ake riƙewa kullum suke cutar da hannun da ke riƙe su. Ya koma gida ya haɗa kai da wani ofishin masu zanen kaya mai suna Smart Design, cikin waɗanda aka nemi shawararsu kuwa har da Patricia Moore, matar da tun 1979, tana da shekara 26, ta riƙa shigar tsohuwa tukuf, ta ɗaure yatsunta, ta toshe kunnuwanta, ta sa tabarau mai dusashe gani, ta zaga garuruwa fiye da 100 a Amurka da Kanada cikin shekara uku domin ta ɗanɗana abin da tsofaffi suke sha a hannun ƙofofi da motoci da kayan gida. Abin da suka fito da shi, ƙarƙashin sunan OXO, bai ƙara wa wuƙar aiki ko ɗaya ba. Mariƙin kawai suka gyara: suka yi shi da kauri domin kada a matse yatsu, suka yi shi da siffar ƙwai domin kada ya juya a tafin hannu, suka yi shi da wata baƙar roba mai laushi wadda ba ta santsi ko ta jiƙe, suka tsattsaga gefensa wurin da babban yatsa yake sauka, irin na mariƙin keke. Kaya 15 suka fara fitarwa, kuɗinsu ya ninka na saura, mutane kuwa suka saya, masu ciwo da masu lafiya, domin abin da ya sauƙaƙa wa mai rauni bai taɓa wahalar da mai ƙarfi ba. Ba a daɗe ba gidan adana kayan fasahar zamani na Niyu Yok ya sa wuƙar cikin taskarsa, irin wannan mariƙi kuma ya bazu zuwa cokulan juyi da mabuɗan gwangwani, har ya zama yau da wuya a ga kantin da ba kwaikwayonsa.

Wani abin da tarihin waɗannan kaya yake nunawa, wanda masu rubuta “aiki biyar” a kwali ba sa so a faɗa, shi ne yawan aiki galibi mai girki ce take gano shi bayan kaya sun bar masana'anta. Kamfanin Grace Manufacturing na jihar Akansas sassan na'urar buga takardu ta kwamfuta yake yi, ta hanyar zana siffa a kan ƙarfe da haske sa'an nan a sa sinadari ya cinye inda ba a so. Da kasuwar ta ja baya sai suka yi amfani da fasahar suka ƙera magagari na masassaƙa mai suna Microplane. A 1994 wata mata a birnin Otawa na Kanada, Lorraine Lee, wadda mijinta yake da kantin kayan sassaƙa, tana haɗa kek ɗin lemon zaƙi, abin gugarta ya ƙi ci, sai ta ɗauko magagarin ta goga ɓawon lemon da shi, ta ga yana zuba lallausa ba tare da ya taɓo farin nan mai ɗaci ba, domin haƙoran da sinadari ya fitar yanka suke yi, na abin guga da aka huda da inji kuwa yaga suke yi. Yau da shi ake goga citta da tafarnuwa da cuku a manyan madafai na duniya. Haka kuma siririn cokalin kifi na kuku-kukun Faransa, mai dogayen tsaga da baki a karkace, don kifi kaɗai aka yi shi, amma saboda ya ƙware a wannan aiki guda na shiga ƙarƙashin abu mai taushi ba tare da ya farfasa shi ba, sai ya zama da shi ake juya ƙwai da fanke da dankali, ana tsamo suya daga mai, ana kankare kasko.

Saura mas'ala guda wadda ba ta siffa ba ce, ta abin da aka yi cokalin da shi ce. A watan Oktoba na 2024 mujallar kimiyya ta Chemosphere ta buga binciken wata ƙungiyar Amurka mai suna Toxic-Free Future tare da wata jami'a ta Amsadam, inda suka auna kayan baƙar roba 203, har da cokulan girki da kayan wasan yara, suka sami sinadaran hana kama wuta a waɗansu daga ciki, irin waɗanda ake sa wa jikin talabijin da kwamfuta, abin da ke nuna an narka tarkacen kayan lantarki ne aka sake zubawa. Suka ƙiyasta mai girki da irin wannan cokali zai iya haɗiyar nanogiram 34,700 na ɗaya daga cikin sinadaran a yini, suka ce wannan ya kusa haddin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ɗiba, wanda suka rubuta 42,000. Jaridu suka ɗauka, gidaje da yawa suka zubar da baƙaƙen cokulansu. Sai wani masanin sinadarai na Jami'ar McGill a Kanada, Joe Schwarcz, ya sake lissafin, ya ga haddin nanogiram 7,000 ne ga kowane kilo na jiki, in kuwa aka ninka shi da kilo 60 na baligi 420,000 yake bayarwa; watau sifiri guda ya faɗi, abin da aka ce ya haura kashi 80 cikin ɗari na haddin ashe bai kai kashi 10 ba. Marubutan suka buga gyara a watan Disamba, suka kuma tsaya a kan cewa tun farko bai kamata irin wannan sinadari ya kusanci abinci ba, wanda a ganina magana ce mai hujja ko da lissafin ya karkace. Shekara goma kafin wannan hayaniya, a 2014, an buga wani bincike a kan tukwanen alminiyom da maƙeran zubi suke yi a Kamaru da tarkacen injuna da gwangwanaye, irin waɗanda ake girki da su a birane da ƙauyukan yankinmu, aka sami dalma tana fita daga waɗansunsu idan an tafasa abu mai tsami a ciki; wannan labari bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na kururuwar da aka yi wa baƙin cokali ba.